Bikin Diwali a Harabar Jami'a da Haƙƙin Baƙo a Ƙasar Kabi

Tsakanin tsakiyar watan Oktoba da tsakiyar watan Nuwamba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke a kwarin Gulbin Rima kuma manoman Argungu da Augie da Birnin Kebbi suka fara haramar yankan shinkafar damina, ɗaruruwan miliyoyin mutane a Indiya da sauran ƙasashen da Indiyawa suka yi kaka-gida suna gudanar da bikin da ya fi kowanne girma a shekararsu, wato Diwali, wanda a kudancin Indiya ake kira Dipawali, ma'ana jerin fitilu. Sharhin na yau ya shafi yadda ake yin wannan biki a tsakanin malamai da ɗaliban jami'a, da kuma dalilin da ya sa ya dace makarantun gaba da sakandare na Jihar Kebbi su san shi sani na ilimi, domin Bahaushe ya daɗe yana ganin fitilun Diwali a majigi da akwatin talabijin, ya zauna a gaban malaman da suke kunna su a gidajensu, yanzu kuma yana tura 'ya'yansa karatu ƙasar da ake kunna su, amma har yau kaɗan ne za su iya bayyana abin da ake yi a wannan dare da dalilin yin sa.

Mabiya addinin Hindu suna lissafin watanninsu ne da wata, amma kusan duk bayan shekara uku sukan ƙara wata guda a shekara domin lissafin ya daidaita da tafiyar rana, shi ya sa Diwali ba ya zagaya damina da rani da bazara kamar yadda Sallah take yi, kullum a kaka yake faɗowa, bayan ruwan daminarsu da ke sauka daga Yuni zuwa Satumba ya janye kuma shinkafa ta nuna. Babban daren bikin shi ne daren da tsohon wata ya ɓace sabo bai tsaya ba, a watan da suke kira Kartika, wato dare mafi duhu a watan. A shekarar 2023 ya faɗo ranar 12 ga Nuwamba, a 2024 ranar 31 ga Oktoba a yawancin sassan ƙasar, a 2025 kuma ranar 20 ga Oktoba. Kwana ashirin kafin sa ake yin Dasara, ranar da ke rufe darare tara na ibada da raye-raye da ake kira Nawaratiri, waɗanda a yankin Bengal suke zuwa daidai da bikin Durga Puja, saboda haka daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba kusan duk ƙasar cikin hidima take.

Mai sauraro da ya ɗauka cewa labari ɗaya ne ke bayan bikin zai yi mamakin yawan fassarorinsa. A arewacin Indiya ana danganta shi da komawar Rama birnin Ayodhya bayan shekara 14 yana gudun hijira a daji tare da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana, bayan ya yi galaba a kan Rawana, sarkin Lanka, kamar yadda ya zo a Ramayana, doguwar waƙar tarihi da aka rubuta da tsohon harshen Sanskirit, kuma an ce mutanen birnin sun jera fitilu ne domin su haskaka masa hanya. A kudu abin da ake tunawa shi ne nasarar Krishna a kan azzalumi Narakasura, a Bengal kuma daren na Kali ne, alhali a gidajen 'yan kasuwa da yawancin iyalai wadda ake yi wa hidima ita ce Lakshmi, da suka ɗauka a matsayin abar bautar da ke kula da arziki da yalwa. Mabiya addinin Jain suna tunawa ne da rasuwar babban malaminsu Mahawira, su kuma mabiya addinin Sikh suna tunawa da ranar da jagoransu na shida, Guru Hargobind, ya fito daga kurkukun ganuwar Gwalior a zamanin Sarki Jahangir, a farkon ƙarni na 17, bayan ya ƙi fita sai an saki 'ya'yan sarakuna 52 da ke tsare tare da shi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk wanda zai yi hulɗa da Indiyawa, domin mutum biyu za su iya kunna fitila iri ɗaya a dare ɗaya, amma abin da ke zuciyar kowannensu daban.

Kwana biyar ake yi. A rana ta farko, Dhanteras, ana share gida a sayi sabon abu na ƙarfe, daga zinariya har zuwa tukunya, gwargwadon ƙarfin aljihu. Ta biyu ta wanka ce da shirye-shirye. Ta uku ita ce babbar rana. Ta huɗu a wasu yankuna ta tara abinci ce don godiya, a jihar Gujarat kuma ita ce farkon sabuwar shekara. Ta biyar, Bhai Duj, ta 'yan'uwa ce, inda mace ke karɓar baƙuncin ɗan'uwanta namiji ta yi masa addu'a, shi kuma ya yi mata kyauta. 'Yan kasuwa sukan rufe tsofaffin littattafan lissafinsu su buɗe sababbi, har ma kasuwar hannun jari ta birnin Mumbai takan buɗe na kimanin sa'a ɗaya a ranar duk da cewa hutu ne.

Fitilar kanta, wadda suke kira diya, ƙaramin kasko ne na yumɓu da bai wuce tafin hannu ba, mai ɗan tsinin baki a gefe guda, wanda maginan tukwane suke ƙerawa dubbai makonni kafin bikin. Ana jiƙa sabon kaskon a ruwa a shanya shi domin kada ya shanye mai, a murza auduga tsakanin tafuka ta zama lagwani, a kwantar da shi bakinsa na leƙowa ta tsinin, sannan a zuba man riɗi ko man shanu ko man ƙwayar mastad. Duk dattijon da ya yi karatun dare da fitilar aci-balbal a zauren malaminsa zai gane ta da gani ɗaya. Ana jera su a bakin ƙofa da kan katanga da tagogi da matakala, a tsakar gida kuma mata da 'yan mata su durƙusa su zana rangoli, wato ado na furanni da siffofi da ake yi a ƙasa da garin shinkafa da hoda mai launi, ana sakin garin a hankali daga tsakanin babban yatsa da manuni.

Alaƙar arewacin Nijeriya da mutanen da ke yin wannan biki ta fi ƙarfi ta hanyar makaranta. Indiya ta buɗe ofishin jakadancinta a Legas tun 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai, Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya ziyarci Nijeriya a 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma da aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna a 1964, hafsan Indiya ne, Birgediya M. R. Varma, ya fara shugabantarta. Daga shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980, gwamnatocin arewa, har da Jihar Arewa maso Yamma da aka ƙirƙiro a 1967 da Jihar Sakkwato da ta gaje ta a 1976, waɗanda Argungu da Birnin Kebbi suke cikinsu kafin a yanke Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, sun ɗauko malamai masu yawa daga Indiya da maƙwabtanta domin su koyar da lissafi da kimiyya a sakandare da kwalejojin horar da malamai, wasu kuma suka koyar a jami'o'in Zariya da Kano da ta Sakkwato da aka kafa a 1975. Ba dukkansu ne mabiya addinin Hindu ba, akwai Kiristoci da yawa daga jihar Kerala, akwai kuma Musulmi, amma ɗalibai kan haɗa su duka a suna ɗaya. Yawancin malaman sun tattara kayansu ne bayan da darajar naira ta faɗi, musamman daga 1986 da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu. Likitoci da injiniyoyi da malaman makaranta da dama da ke shugabanci a Kebbi a yau daga hannunsu suka fara fahimtar lissafi, kuma abin takaici ne a ce an karɓi wannan alheri daga mutane tsawon shekara ashirin ba tare da an damu a san ranar farin cikinsu ba. A inda jama'a suka zama 'yan tsiraru, biki kan koma na cikin gida, iyalai biyu ko uku su haɗu a ɗaya daga cikin gidajen malamai, a kunna fitilu a baranda, a aika wa maƙwabta kwanon kayan zaƙi, gari ya waye kowa ya koma aji.

Hanya ta biyu ita ce fim. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen sinima suka fara shigo da finafinan Indiya, suka samu karɓuwa a Kano da Sakkwato da Kaduna fiye da na Turawa, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Brian Larkin, wanda ya wallafa littafinsa Signal and Noise a 2008, sun yi bayanin yadda wannan sha'awa ta shiga littattafan soyayya da finafinan Hausa har da waƙoƙin bege. Wanda ya kalli Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, ko da asalinsa ko da fassarar Hausa, ya ga Diwali tun a farkon fim ɗin, inda uwa take tsaye riƙe da faranti mai fitila tana jiran isowar ɗanta, gida cike da haske da waƙa. Abin da fim ba ya faɗa wa mai kallo shi ne cewa wannan faranti da ake jujjuyawa, wanda ake kira arti, aikin ibada ne, kuma waƙar da ke biye da shi a irin wannan wuri waƙar yabon abin bauta ce. Ido ya saba da hoton, amma ba a taɓa zaunar da mai idon an bambance masa abin da yake na ado da abin da yake na addini ba.

A nan ne batun jami'a ya shigo, domin a yau alƙiblar tafiyar ta juya, matasan Kebbi da Sakkwato da Kano da Katsina ne suke zuwa Indiya karatun likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya da kwamfuta, wasu da kuɗin iyayensu, wasu da tallafin gwamnati. A jami'o'in Indiya ana ba da hutun Diwali, jiragen ƙasa su cika maƙil da ɗalibai masu komawa gida, waɗanda ake bari a ɗakunan kwana kuwa su ne 'yan nesa da baƙi daga ƙasashen waje, ciki har da Hausawa. Kafin a watse akan yi gasar zanen rangoli tsakanin ɗakunan kwana, a rataya ƙananan ƙwayayen lantarki a jikin gine-gine, ɗakin cin abinci ya yi girki na musamman, malamai da ma'aikata su yi ta musayar kwalayen laddu da barfi, wato dunƙulen garin wake mai zaƙi da alewar madara. A ƙasashen waje kuwa, kamar Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu, ƙungiyoyin ɗaliban Indiya ne sukan nemi babban ɗakin taro a ƙarshen makon da ya fi kusa da ranar, su yi raye-rayen gargajiya da liyafa, su gayyaci kowa, sashen ibadar kuma, wanda ake kira puja, a yi shi kafin taron ko a wani ɗaki dabam. Bikin ya zama ranar hutu a Moris da Fiji da Maleshiya da Singafo da Giyana da Tirinidad, a 2023 aka sanya hannu kan dokar da ta mayar da shi ranar hutu a makarantun gwamnati na birnin Niyu Yok, a Afirka ta Yamma ma akwai gidan ibadar Hindu na 'yan Afirka da aka kafa a Akara, ƙasar Gana, a 1975 ƙarƙashin Swami Ghanananda.

Tambayar da ɗalibi Musulmi yake fuskanta a irin wannan dare ba ƙarama ba ce, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa Musulmi ba ya shiga bautar wanin Allah ta kowace fuska, ko da don kunya ko don faranta wa aboki, haka nan ba su yi saɓani ba a kan cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko wane addini yake bi, kuma Suratul Mumtahana ta yi bayanin kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙi Musulmi ba kuma bai kore su daga gidajensu ba. Matsalar takan taso ne wajen aikatawa, kuma ilimi ne kaɗai ke warware ta. Ɗalibin da ya san cewa prasad shi ne abincin da aka fara gabatarwa a gaban abin bauta kafin a raba, ya kuma san ya bambanta da kwalin alewar da aka sayo a kanti don kyauta, zai iya ƙin na farko cikin ladabi ba tare da ya wulaƙanta mai bayarwa ba, ya kuma yanke wa kansa hukunci a kan na biyu bisa abin da malamansa suka karantar da shi. Wanda ya san cewa ɗigon jan launi da ake sa wa baƙo a goshi yana da asali na addini zai san yadda zai nemi afuwa tun kafin a miƙo hannu. Wanda bai san komai ba kuwa ɗayan biyu ne, ko ya afka cikin abin da addininsa ya hana shi yana zaton wasa ne irin na fim, ko kuma ya kulle kansa a ɗaki yana kallon duk wanda ya gaishe shi a matsayin maƙiyi. Duka biyun hasara ce, kuma laifin ba na yaron ba ne, na waɗanda suka tura shi ne ba tare da guzurin sani ba.

Neman irin wannan sani ba baƙon abu ba ne a tarihin malantar Musulunci. Abu Raihan al-Biruni, masanin falaki da lissafi da aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, sannan a wajajen 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya, wanda aka fi sani da Kitabul Hind, inda ya bayyana aƙidunsu da lissafinsu da bukukuwansu, har da bikin fitilu na watan Kartika, kuma ya yi hakan ne ta hanyar kawo abin da su da kansu suke faɗa, ba tare da ya bar addininsa ba. Lambobin da ake lissafi da su a kasuwar Argungu daga Indiya suka samo asali, suka biyo ta hannun Larabawa, haka ma labaran Kalila wa Dimna da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8. A Indiya ta yau, wadda ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin 100 na mutanenta mabiya Hindu ne, kimanin kashi 14 kuma Musulmi, wato fiye da mutum miliyan 170, Jami'ar Hindu ta Banaras da aka kafa a 1916 tana da sassan koyar da Larabci da Farisanci da Urdu, ita kuma Jami'ar Musulmi ta Aligarh, da ta tsiro daga kwalejin da Sayyid Ahmad Khan ya kafa a 1875, tana da sashen Sanskirit.

Argungu tana da nata darasin a kan yadda biki yake gyara tsakanin mutane, kuma darasi ne da aka saya da tsada. Kabawa, magada daular da Kanta ya kafa a ƙarni na 16, sun shafe yawancin ƙarni na 19 suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, tun daga faɗuwar Birnin Kebbi a 1805 har zuwa zuwan Turawa, kuma gabar ba ta gushe daga zukata ba ko da aka ajiye makamai. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin kamun kifi, abin da ya zama mafarin bikin da ake yi a Matan Fada, inda dubban masunta kan jeru a bakin ruwa, kowa da gorarsa da homarsa, su ruga a guje da jin ƙarar bindiga. Sana'ar kamun kifi da al'adun ruwa irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda Sarkin Ruwa ke jagoranta, sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba, abin da masarauta ta yi shi ne ta mayar da su hanyar karrama baƙo, kuma baƙon farko da aka karrama jikan abokan gaba ne. Daga baya mutane daga kowane addini da kowace nahiya suka riƙa zuwa kallo, ba a taɓa neman ɗayansu ya zama Bakabe kafin a ba shi wurin zama ba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin Argungu cikin jerin al'adun da suka zama gadon ɗan Adam, jerin da Durga Puja na birnin Kolkata ya shiga a 2021, Hawan Sallar Kano a 2024, Diwali kansa kuma a Disambar 2025. Garin da ya san daɗin a zo a girmama bikinsa shi ya fi cancanta ya fahimci halin baƙon da ranar bikinsa ta riske shi a nesa da gida.

Abin da jahiltar juna ke haifarwa a makarantu sananne ne a ƙasashen biyu. Rikicin da ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 daga cikin harabar makaranta ya faro, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada. A watan Maris na 2017 kuma gungun mutane suka far wa ɗaliban Nijeriya a Gireta Noida, kusa da birnin Delhi, bisa jita-jitar da ba ta da tushe, har wasu suka kwanta asibiti. Iyayen da suke fatan a bar ɗansu ya je sallar Juma'a da ta Idi cikin aminci a Noida ko Bangalor ko Haidarabad, a kuma ɗaga masa jarrabawa idan ta faɗo ranar Sallah, ba su da hujjar ƙyamar baƙon malami ko likita ko injiniya da ya jera fitilu a ƙofar gidansa a Birnin Kebbi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare ɓangarorin biyu, domin ya ba kowa 'yancin yin addininsa shi kaɗai ko a cikin jama'a, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi shiga hidimar addinin da ba nasa ba.

Akwai ɓangare ɗaya na bikin da bai cancanci a yi masa maraba ba, wato wasan tartsatsin wuta da abubuwan fashewa, waɗanda garin Siwakasi na jihar Tamil Nadu ya shahara da ƙerawa. A Delhi hayaƙinsu yakan haɗu da na ƙona karan shinkafa da manoman Punjab da Haryana suke yi a daidai lokacin, iska ta gurɓace har a rufe makarantu, abin da ya sa Kotun Ƙolin Indiya a Oktoban 2018 ta taƙaita harba su zuwa sa'a biyu, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. A yanki irin Kebbi, inda a lokacin ciyawa ta fara bushewa, hunturu na ƙaratowa, kuma ƙarar fashewa da dare kan tayar da hankalin jama'a saboda halin tsaro, hana su a harabar makaranta wajibi ne, kuma Indiyawa da dama su ne kan gaba wajen kiran a koma ga fitila zalla.

Jihar Kebbi tana da makarantun da za su iya ɗaukar nauyin sanar da jama'a wannan biki: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero tun 2006, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wadda ita ke yaye malaman da za su shiga azuzuwan ƙauyuka. Ba a neman ɗayansu ta shirya bikin wani addini, abin da ake nema shi ne tsari bayyananne wanda zai ba duk wata 'yar ƙaramar jama'a damar neman ɗakin taro da izinin fashin aiki na yini ɗaya, a kuma rubuta a takardar gayyata wane sashe ne na ibada, wanne ne na liyafa, domin wanda aka gayyata ya san inda zai tsaya. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha za ta iya haɗa ɗaliban da suka dawo daga Indiya da masu shirin tafiya, tare da malamin addini, a yi zama na kwana ɗaya ko biyu a kan abinci da gaisuwa da ranakun bukukuwa. Su kuma sassan Larabci da nazarin addinin Musulunci da Hausa suna da aiki a shirye: littafin al-Biruni yana da babi 80, an buga matanin Larabcinsa a Landan a 1887 da kuma Haidarabad a 1958, babi na 76 shi ne na bukukuwa, kuma fassara shi zuwa Hausa tare da sharhi aiki ne da bai fi ƙarfin kundin digiri na biyu ba.